Shukar da Na Yi a Bakin Teku

A shekarun farin nan da suka zo a jere, lokacin da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye har damina biyu, na bar ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa. Sunana Ilyasu. A wajenmu gona manne take da gona, gida na kallon gida, babu wani daji da mutum zai shiga ya nemo abin kaiwa baka. In rumbu ya ƙare, to magana ta ƙare. Na bar Inna da matata Hansatu da 'yarmu ta goye a hannun yayana, na nufi ƙasar Kamaru saboda an ce can akwai aiki.

A Garwa na yi dako wata biyu. A Ngaundare na yi wata guda ina sauke buhuna, har na samu na shiga jirgin ƙasan da ke gangarawa kudu. Da hantsi na leƙa ta taga, sai na ga ruwan sama yana zuba kamar da bakin ƙwarya a kan wani daji kore shar wanda babu mai nomansa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Wata dattijuwar Bafulatana da ke zaune a gabana ba ta tambaye ni komai ba, ta dai kwance ƙullin dambunta ta turo mini. Har yau ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

A Duwala na sauka unguwar Hausawa, ina kwana a zauren wani masallaci. Kwana na shida wani mutum mai tsabtar riga ya zauna kusa da ni bayan azahar. Ya ce sunansa Ɗanjummai. Da na faɗi garinmu sai ya dafa ƙirji.

"Allahu Akbar! Ai ni mutumin Ɗambatta ne. Ɗan'uwa, kana nan kana wahala ban sani ba?"

Ya san kasuwar Ɗambatta layi-layi, daga 'yan hatsi har kara. Na ji kamar na ga yayana. Ya ce akwai aikin loda kaya a cikin wani jirgin ruwa, kwana uku kacal, da abinci. Ya karɓi takardar shaidata wai zai kai a rubuta sunana. Washegari ya raka ni tashar jiragen ruwa, ya miƙa ni ga wani ƙato, ya ce zai je ya dawo. Ina can ƙasan jirgin ina jera akwatunan ƙanƙara na ji ƙarfe yana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Kafin in hau sama, garin Duwala ya koma kamar zare a bayanmu.

Wani siririn mutum da ke naɗe igiya ya dube ni ya ce da Hausa, "Kai ma mutumin Ɗambattan nan ne ya kawo ka?"

Na ce, "Shi ne."

Ya yi murmushin takaici. "Ni ce mini ya yi kakarsa 'yar garinmu Zakirai ce. Sunana Tanko. Ka nemi wuri ka riƙe, amai zai zo maka yanzu."

Jirgin kamun kifi ne na wasu baƙi daga nesa. Yana jan wata ƙatuwar koma, wato taru mai kama da buhu, a bayansa, bakinta ɗaure da sarƙoƙi masu nauyi da ke kartar ƙasan teku yadda garma ke kifar da ƙasa. Abin da suke nema jatan lande ne, wasu 'yan halittu masu kama da fara, sai kuma manyan kifaye. Amma koma ba ta da ido. In aka ɗago ta aka zazzage, sai ka ga tsibi ya kai ƙugun mutum: ƙananan kifaye kamar yatsa, ƙaguwa, kunkurun ruwa, ciyayin ƙasan teku, da halittun da ban san sunansu ba. A tsince abin da ake so, ɗan kaɗan. Sauran duk sun mutu ko suna kan mutuwa.

Aikina shi ne in sa shebur in mayar da sauran cikin ruwa.

Ni da na baro mata suna dafa ganyen tafasa babu ko gishiri, ni ne aka ba shebur in riƙa zubar da abinci daga safe har yamma. Bayan jirginmu ruwa yakan yi fari da cikin matattun kifi, tsuntsaye su ci har su kasa tashi. Ranar farko na ce wa Tanko, "Wannan da muka zubar yau zai ciyar da ƙauyenmu mako guda."

Ya ce, "Daina lissafa shi da ƙauyenku, in ba haka ba za ka haukace."

Wata huɗu muka yi a haka. Da kamu ya yi ƙasa a can ciki, sai kyaftin ya fara matsowa kusa da gaɓa, inda masu kwalekwale ke zuba tarunsu. Wata safiya muka bi ta kan tarun wani tsoho. Yana ɗaga filafilin tuƙi yana ihu, jirgi bai kauce ba. Igiyar tarun ta sarƙe da tamu, ta fizgi kwalekwalen ta kifar da shi. Na ga farin kansa ya nutse ya ɓullo, ya sake nutsewa. Ni da Tanko muka jefa masa igiya muka jawo shi sama, yana aman ruwa.

Shugaban leburori, ƙaton nan da Ɗanjummai ya miƙa ni gare shi, ya zo yana zagi, wai mun bar aiki. Ya nuna mini tsibin kifin da ke jira, ya cusa mini shebur a hannu. Na dubi shebur ɗin, na dubi tsohon da ke kwance yana rawar ɗari, sai kawai na wurga shebur cikin teku. Mari biyu na sha kafin in faɗi. Da 'yan'uwan tsohon suka iso da kwalekwalensu don su ɗauke shi, sai ƙaton nan ya kama wuyan rigata ya tura ni ta kan igiya, ya ce in bi ubana. Tanko ya leƙo ya jefo mini carbinsa.

"Ilyasu, in na sauka zan neme ka!"

Haka na bar jirgin, ba takarda, ba takalmi, ba ladan wata huɗu.

Sunan tsohon Baba Ndumbe. Ƙauyensu na kan wani tudun yashi ne a inda koguna ke shiga teku, gidajen katako a kan turaku, ruwa na shiga ƙarƙashinsu sau biyu a rana yana janyewa. Ba mai jin Hausa ko ɗaya. Da turancin buroka da na tsinta a jirgi muke magana, sauran kuma da hannu. Matarsa, Mama Endale, gajeriya ce mai ƙarfin murya, sana'arta bandar kifi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa mijinta, "Ka fita neman kifi ka dawo mini da Bahaushe?" Amma kafin yamma ta share mini lungu ta shimfiɗa tabarma.

Babu Musulmi a ƙauyen. Mama Endale ta ware mini tukunya, ba ta taɓa sa abin da ba na ci a ciki ba. Ta lura da lokutan sallata, har ta kai in aiki ya ɗauke mini hankali sai in ji ta ƙwala kira, "Malam, ranarka ta karkata!" Da zazzaɓin sauro ya kwantar da ni kwana tara, ita ta riƙa ɗura mini ruwan ganye mai ɗaci. Abin da ta kasa yi mini shi ne tuwon gero. Kullum rogo, kullum kifi. Akwai ranar da na zauna ina tuna ƙamshin miyar kuka da daddawa har na ji kamar in taka da ƙafa zuwa Kano.

Ban iya iyo ba, ban iya jefa birgi ba, wato tarun da ake wurgawa da hannu. Amma na iya gatari. Duk bakin ruwan nan wani itace ne ya rufe shi, suna kiransa matanda. Yana tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje suke kamar ƙafafun gizo-gizo, sun sarƙe da juna sun kama taɓo. Da shi ake bandar kifi, kuma wani dillali mai suna Eyum yana zuwa da babban kwalekwale yana kwasa zuwa birni. Na shiga saran matanda da ƙarfin mai iyali a baya. Abin da mutum biyu ke sarewa a yini, ni kaɗai nake sarewa. Cikin shekara biyu na aika gida sau uku ta hannun fataken kifi. Ni da wasu muka aske wani rafin ruwan gishiri da ke bayan ƙauyen tas, gaɓa biyu, ina kuwa alfahari da hakan.

Kifi dai kullum raguwa yake. Kowa na zagin manyan jirage, ni ma ina taya su, tunda na ga ɓarnarsu da idona.

Wata rana da ruwa ya janye, Baba Ndumbe ya ce in shiga kwalekwale. Ya kai ni wani lungu da gatari bai kai ba tukuna, ya ce in sunkuya in duba tsakanin saiwoyi. Da idona ya saba da duhun ruwan, sai na ga wurin yana motsi. 'Ya'yan kifi ne kamar an watsa tsaba, da 'yan jatan lande masu haske kamar gilashi, da ƙaguwa ƙanana manne da saiwa. Daga nan ya juya da ni zuwa rafin da muka aske. Na sunkuya na duba. Taɓo ne kawai da kututture.

Ya ce, "Kifin da ke can tsakiyar teku, a nan ake renonsa. Jirgin da ya kifar da ni yana cinye iyaye a waje. Kai kuma, ɗana, kana rushe ɗakin jego a ciki."

Na ce, "Baba, ai ba ni kaɗai ke sara ba."

"Na sani. Matata ma da itacenka take banda. Ban ce kai kaɗai ba ne. Kai ne dai na ga ka taɓa jefar da shebur."

Ban gama juya maganar a raina ba damina ta kawo babbar tumbatsar teku. Da rana tsaka ruwa ya taso ta rafin da muka aske, babu abin da zai tare shi. Muna tsaye muna kallo gaɓa ta riƙa zaftarewa. Gida uku suka tafi, da rumfar bandar Mama Endale, da gefen maƙabarta inda ɗansu tilo yake kwance. Mama Endale ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan wani kututturen matanda, wanda na san da hannuna na sare shi, tana kallon ruwa har la'asar.

Washegari na tambayi Baba Ndumbe, "Wa ke shuka matanda?"

Mutanen da ke gyaran taru kusa da mu suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Allah ke shuka shi, Malam."

Na ce, "Gero ma Allah ke fitar da shi, amma sai mun sunkuya. A garinmu ƙasa ta yi mana kaɗan, ba ta samun hutu, don haka duk rani muna ɗora wa jaki mangala muna kai mata taki. Kowane gawo da kowace ɗorawa da ke cikin gona da mai ita. Ku kuna ɗiba kullum, me kuke mayarwa?"

Suka ci gaba da dariyarsu.

'Ya'yan matanda dogaye ne kamar na zogale, suna faɗowa ruwa ya yi ta yawo da su. Na tara cike da kwando, na shiga taɓo har cinya, na jera su layi-layi a bakin ruwa yadda muke shuka a gida. Kwana biyar igiyar ruwa ta kwashe su kaf. Na sake shukawa can sama inda ruwa ba ya kaiwa sosai. Rabi suka bushe, rabi ƙaguwa ta datse. Aka sa mini suna Manomin Teku. In na wuce sai a tambaye ni yaushe za a zo gayyar girbi. Na daina saran ɗanyen itace, abin hannuna ya ragu, aiken gida ya tsaya.

Ina cikin shuka ta uku na ji murya a bayana. "Kana shuka kamar wanda bai taɓa taka taɓo ba."

Mama Endale ce, ta ɗaure zane sama da gwiwa. Ta zazzage kwandona ta watsar da fiye da rabi. "Waɗannan ba su nuna ba. Ka nemi mai ɗan wuya ruwan ɗorawa." Ta ja ni cikin rafin, inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi. Tun tana yarinya take tsintar dodon koɗi a wurin, ta san taɓon da ke riƙe abu da wanda ke tofar da shi. Ta nuna mini inda ruwa ke rufewa ya kuma buɗe kullum, ta ce in soka kashi ɗaya cikin uku kawai, kada in binne kan. Ni kuma na nuna mata yadda ake ba shuka tazara, da yadda ake komawa a cike gurbin wanda ya mutu.

Bayan mako shida na ga ganye biyu sun buɗe a kan wani tsinke. Na bi layin da ido, sai na ga ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. Na tsaya cikin taɓo na yi kabbara da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi. Mako na gaba mata huɗu suka biyo Mama Endale da kwanduna. Kafin damina ta fita sun kai ashirin.

Saura maganar itacen banda, domin ba a ce wa mai neman abinci ya daina sai an nuna masa wata hanya. A buɗaɗɗiyar rumfa suke banda, iska na kwashe rabin wutar. Ni kuwa na taso ina taya babana ginin ƙasa. Na kwaɓa laka da busasshiyar ciyawa, na gina wa Mama Endale murhu mai bango huɗu da ƙaramar ƙofa, aka ɗora ragar kifi a sama. Na farko ya tsage, na biyu ya tsaya. Itacen da take ƙonawa a kwana ɗaya sai ya kai ta kwana uku, kifin kuma ya fi yin ja. Ba a yi wata biyu ba na zama maginin ƙauye, abincina ya dawo ta nan.

Sai Baba Ndumbe ya kai magana gaban mai gari: a rufe rafin bayan gari damina uku, ba gatari, ba taru. A sauran wurare kuma duk wanda ya sare ɗaya ya shuka biyar. Aka tara jama'a. Eyum dillalin itace ya zo takanas daga birni.

Ya miƙe ya nuna ni. "Wannan mutumin a ƙasarsu ko ruwan wanka babu. Yunwa ta koro shi. Shi zai koya mana teku? Shekara uku me za ku ci, ganye?"

Wasu suka goyi bayansa, kuma ban ga laifinsu ba, don na san yunwa fiye da su. Mai gari ya ce in yi magana. Na tashi da guntun burokana na ce, "Gaskiya ya faɗa, yunwa ce ta koro ni. Na ga shekarar da muka ci har irin shuka. Ranar da muka ci shi mun ƙoshi. Da ruwa ya sauka ba mu da abin sawa a ƙasa. Rafin nan shi ne irinku. Ni baƙo ne, gobe zan iya tafiya. Ku ina za ku?"

Baba Ndumbe ya tashi ya ɗauko tarunsa sabo, wanda ya yi wata biyar yana saƙawa, ya ajiye gaban mai gari. Ya ce, "Idanunsa ƙanana ne, yana kama 'ya'ya. A ƙona shi." A ranar aka yanke hukunci, aka kafa sanda da jan ƙyalle a bakin rafin.

Shekarar farko ta yi tsanani. Maza na tafiya nesa su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwata. A shekara ta biyu, wata safiya, Eyum ya zo da kwalekwale biyu cike da ƙarti da gatura, lokacin da ya san maza sun fita kamu. Lungun da Baba Ndumbe ya taɓa nuna mini yake so, inda manyan itatuwa suka rage, kuma sai ta kan shukarmu za a bi.

Ina gini na ji Mama Endale tana kururuwa. Kafin in isa, mata sun tura kwalekwalensu sun jera a bakin rafin, gefe da gefe, sun ɗaure su da zannuwa. Tsofaffi da masu ciki duk suna ciki. Na faɗa ɗaya na tsaya a gaba. Eyum ya ce a buɗe hanya. Mama Endale ta ce, "Ɗana ruwa ya tafi da shi ta nan. In za ka wuce, ka fara sare ni." Wani ƙato ya kai mata hannu, na shiga tsakani, ya sauke mini filafili a baki. Haƙorina na gaba a nan ya zauna, ga gurbin har yau. Da matan suka ga jini sai suka ɗau ihu gaba ɗaya, suna ɗebo taɓo suna yaɓa wa ƙartin a fuska. Ihun ya kai kunnen masunta, kwalekwale suka fara ɓullowa ta kowace kusurwa. Eyum ya juya. Bai sake dawowa da gatari ba.

Daga ranar ba wanda ya ƙara kirana baƙo.

Ana cikin haka Tanko ya cika alkawari. Ya sauka daga jirgi ya kama aiki da wani falke mai sayen banda, yana zuwa Kano yana dawowa. Ya same ni da wasiƙa daga gida. Ruwa ya dawo, an yi amfani, Hansatu ta ce yarinya ta fara tambayar kamannina. Na karanta na fara shirin tafiya gida, sai na tsaya. Saura damina guda a buɗe rafi. Na ba Tanko labarin komai na ce ya gaya wa Inna, abin da ta ce shi zan yi. Bayan wata uku ya dawo da amsa.

"Inna ta ce in gaya maka, ba ta haifi wanda zai bar gona ana gab da girbi ba. Hansatu kuma ta ce ta ji, amma in ka ƙara kwana ɗaya a kai, ita za ta zo ta ɗauke ka."

Tumbatsar damina ta uku ta zo da ƙarfi kamar waccan. Muka tsaya a tudu muna kallo. Ruwa ya shigo rafin da gudu, ya tarar da matanda sun fi tsayin mutum, saiwoyi sun kama juna. Ya shiga cikinsu ya rasa ƙarfi, ya iso gindin gidaje a hankali kamar mai sallama, ya koma. Ko taku ɗaya na gaɓa bai tafi ba.

Ranar da aka cire jan ƙyalle duk ƙauyen ya fito. Mai gari ya ce Baba Ndumbe ya fara jefawa. Ya jefa birgi mai manyan idanu, ya ja, ya kasa ɗagawa, sai da mutum biyu suka kama masa. Kifi ya zube cikin kwalekwale yana tsalle, manya masu ƙiba, har da wani iri da matasa suka tsaya suna tambayar sunansa don ba su taɓa gani ba. Mata suka ɗau guɗa irin tasu. Aka ce lallai Manomin Teku ya jefa nasa. Na karɓi birgi na juya yadda na ga ana yi, na wurga, sai ni da birgin muka tafi tare. Aka tsamo ni ana dariya har da masu faɗuwa, da kifi biyu a cikin rigata.

Ba rafin kaɗai ba, har masu fita bakin teku suka fara ganin canji a tarunsu. Ƙauyuka biyu na maƙwabta suka aiko a koya musu shuka da ginin murhu, Mama Endale ce ta je ta koyar. Ba zan ce teku ya warke ba. Manyan jirage na nan suna kai da kawowa a can nesa, kuma a shekarun ne leda ta fara zuwa da ruwa tana maƙalewa a saiwoyi, sai mun bi muna cirewa. Na yi wa Baba Ndumbe ƙorafin haka, sai ya ce, "Teku ba shi da riƙo, Ilyasu. Ka ɗaga masa ƙafa kaɗan, ka ga yadda yake yafiya. Mu ne dai ba ma ɗagawa."

Na iso gida ana sharar gona, bayan shekara bakwai. Na samu Inna da ranta, 'yata ta ɓuya a bayan Hansatu tana leƙen mutumin nan mai wawulo. Amma ranar da na baro ƙauyen masuntan ita ce ba ta barin zuciyata.

Kowane gida ya kawo mini kwandon banda, aka loda kwalekwale ya yi tozo. Baba Ndumbe ya ce ta rafin bayan gari za mu bi, ya fi kusa da inda ake samun mota. Shi ke tuƙi, Mama Endale na zaune a gaba. Muna kaiwa tsakiya muka tsaya cak. Rassan gaɓar dama da na hagu sun haɗe a sama, kaya sun ƙi wucewa.

Baba Ndumbe ya jawo adda. "Reshe biyu kawai zan rage."

Mama Endale ta juyo. "Ka taɓa ka gani. Sai ka koma ka nemi izinin mai gari, ka kuma shuka goma."

"Mata, mota za ta tafi ta bar shi!"

"Ta tafi."

Ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da ka jawo mana?"

Haka muka sauke kwandunan sama muka jera su a tsawon kwalekwalen, mu uku muka kwanta rigingine a kan kifi. Baba Ndumbe ya ajiye filafili, muka riƙa kama rassa da hannu muna jan kanmu gaba. Ganye na shafar fuskata, ƙananan ƙaguwa na faɗo mini a ƙirji, tsohon yana mita, matarsa na dariya har kwalekwale na girgiza. A kwance na fita daga ƙasar nan, ina kallon sama, ban kuwa ga sama ba sai ganye.